Tambaya da Amsa: Ciwon Ciki Bayan Cin Abinci

Tambaya: Likita, ƙanwata a Daura tana ciwon ciki da zarar ta ci abinci, har ta rame, an ce jijiyar jini ce ta matse. Mene ne wannan?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba ta lafiya. Cuta ce da ba kasafai ake samunta ba, inda wani zaren tsoka na tantanin da ya raba ƙirji da ciki yake danne jijiyar da ke kai jini ga tumbi, hanta da saifa. Ta fi kama mata matasa, kuma sau da yawa ana zaton gyambon ciki ne, sai hoton jijiyoyi ya nuna ta. Maganinta tiyata ce ta yanke zaren, galibi ta ƙananan huji. Ina roƙonku ku kai ta wurin likitan fiɗa a Katsina, domin ramewar nan ba abar jinkiri ba ce.