Ɗakin da ke hana barci

Ka tambaye ni dalilin da na kafe sai an ƙara layi uku a kan linta, sai kuma an fasa taga ta biyu, alhali mai gida na kukan tsadar bulo. To saurara, yarona.

Idan silin ya yi ƙasa, kwano ya sha ranar Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Kano, a kan mai ɗakin yake sauka. Bulon siminti kuma da rana yake haɗiye zafi, da dare ya amayar. Bawan Allah ya yi ta juyi a katifa har kiran assalatu, ya tashi ido jajir, abu kaɗan ya hau iyali da faɗa. Sai a ce halinsa ne. Wallahi rabin halin nan mu muka gina masa.

Iska ba ta shiga inda ba ta ga hanyar fita ba, shi ya sa nake son tagogi su kalli juna. Ka fi ba kudu da arewa. Yamma kuwa ka ƙaranta, ranar la'asar ba ta da kunya.

Idan ka je Zariya, ka shiga tsohon Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina. Ɗaga kai ka ga yadda rufin ya yi sama, ka taɓa kaurin ginin, za ka ji ƙirjinka ya sake. Haka zaure: baƙo ya tsaya nan, ƙofar ciki a karkace, matar gida na tsakar gida tana harkarta ba fargabar idon kowa. Yanzu fa? Ƙofar falo na kallon titi, labule a sake dare da rana, ɗaki duhu kamar rumbu.

Turawa ma sun gwada tasirin taga a jikin mutum. A 1984 wani mai bincike, Roger Ulrich, ya duba marasa lafiyar da aka yi wa tiyata a wani asibiti a Amurka: masu hangen bishiyoyi ta taga sun riga masu kallon bango komawa gida, kuma ba su sha maganin ciwo mai ƙarfi kamar su ba.

In mai gida ya ce kuɗi sun gaza, ce masa ya ɗaga tayil zuwa baɗi. Tayil na jira, amma in an ɗora kwano maganar ƙara tsayi ta wuce.