Tambaya da Amsa: Motar Nan Mai Taya Uku ta Jiragen Ƙasan Birtaniya

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ga wani tsohon hoto na wata mota mai taya uku tana jan tirela a harabar tashar jirgin ƙasa a Ingila, fentinta ja da ruwan madara, an kuma rubuta British Railways a jikinta. Mene ne sunanta, me ya haɗa ta da jirgin ƙasa, kuma ta yaya ake bambanta ta da ire-irenta? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Bisa ga siffar da ka bayar, motar ƙirar kamfanin Scammell ce na garin Watford, kuma mafi rinjayen zato ita ce wadda ake kira Scarab. Sai dai kafin a yanke hukunci ya kamata a san cewa su uku ne 'yan gida ɗaya.

Aikin jirgin ƙasa yana ƙarewa ne a tasha, alhali mai kaya yana jiran kayansa a ƙofar shagonsa, saboda haka kamfanonin jiragen ƙasa huɗu da aka kafa a Birtaniya a 1923, wato GWR da LMS da LNER da SR, sun daɗe suna amfani da dubban dawaki masu jan amalanke don wannan ɗan guntun zango. Da suka nemi abin da zai maye gurbin doki, sai suka buƙaci motar da za ta iya juyawa a matsattsen lungun da doki yake juyawa. Kamfanin Karrier ne ya riga kowa da wata mai suna Cob, amma wadda ta karɓu ita ce Mechanical Horse da Scammell ya fitar a 1934, bayan ya sayi zanenta daga kamfanin Napier. An yi ta iri biyu, mai jan tan 3 da mai jan tan 6.

Daga gaba tana kama da Keke Napep, amma ita kan mota ne kawai na jan tirela, kuma hikimarta tana wurin mahaɗinta. Direba yana ja da baya ya shiga ƙarƙashin tirelar, ƙananan tayoyin da gabanta yake tsaye a kansu su naɗe da kansu, ƙugiya ta kama, shi kuwa bai sauko daga kujerarsa ba. Ta haka kai ɗaya yake yi wa tirela biyu ko uku aiki, ana lodin wannan yana can yana kai waccan. A ganina wannan mahaɗi, ba taya ukun ba, shi ne ya raba doki da aikin tasha.

Wajen ganewa, abin da ya fi dacewa a fara dubawa shi ne ɗakin direba da mazaunin inji. Mechanical Horse ta farko ɗakinta mai kusurwa ne, an gina shi da katako, na farkon ma ƙofofinsu na tamfol ne, kuma injinta yana gefen hagu, abin da ya sa nauyinta bai daidaita ba. Scarab, wadda ta fito a 1948, shekarar da gwamnati ta haɗe kamfanonin nan huɗu ta kafa British Railways, ɗakinta na ƙarfe ne mai hanci zagayayye, an kuma mayar da injin ƙasa-ƙasa a tsakiya, bayan ɗakin direba, don ta fi zama daram a kwana. An ci gaba da ƙera ta har 1967. Ta ukun, Townsman, ta zo ne a 1964 da ɗakin da aka zuba da roba mai zaren gilashi, kuma ba ta yi tsawon rai ba, domin an daina yin ta a 1968 sakamakon sababbin dokokin birki.

Fentin da ka ambata, ja da ruwan madara, shi ne na motocin British Railways a shekarun 1950, kafin a koma ruwan ɗorawa a shekarun 1960. Idan hoton tsoho ne da gaske, to wannan shaida ce mai ƙarfi. Amma ina jan hankalinka da kada ka dogara da fenti shi kaɗai idan motar da aka gyara ce don baje koli, domin sojoji da kamfanoni masu zaman kansu su ma sun sayi irin waɗannan motoci da yawa, kuma mai gyara yana iya shafa wa tasa launin jirgin ƙasa ko da ba ta taɓa shiga tasha ba. Abin da yake tabbatar da asali shi ne lambar shasi da ke kan farantin kamfani, da lambar rajista, da lambar da hukumar jiragen ta riƙa rubutawa a jikin kowace motarta. Game da lambar rajista, sai daga 1963 aka fara ƙara harafi a ƙarshe mai nuna shekara, don haka wadda ta ƙare da irin wannan harafi ba a yi mata rajista kafin wannan shekara ba.

Idan kuma ka ci karo da mai kama da ita a hoton da aka ɗauka a Faransa, ka duba ko an rubuta FAR a gabanta, domin da wannan suna aka ƙera ta a can da izinin Scammell.