Tambaya da Amsa: Ina ƙananan a-kori-kura suka shige a Amurka?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai sayar da kayan gini ne a Kano. Na daɗe ina neman ƙaramar a-kori-kura wadda zan riƙa kai wa masu saye siminti da rodi. Na sa ƙanena da ke karatu a Amurka ya duba mini ta hannu, sai ya ce duk inda ya leƙa manya ne, irin su F-150 da Silverado da Tundra, ƙananan kuwa in an samu, ko sun tsufa ko kuɗinsu ya wuce hankali. Shin Amurkawa ƙin ƙananan suke yi, ko me ya faru?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Ƙanenka gaskiya ya faɗa maka. Sai dai da zai koma shekara talatin baya, da abin da zai gani daban ne, domin a lokacin ƙananan a-kori-kura sun cika titunan Amurka maƙil.

Japanawa ne suka buɗe wannan kasuwa. Datsun ta fara kai ƙananan motocinta na ɗaukar kaya can a ƙarshen shekarun 1950, Toyota ta biyo da Hilux. Da kamfanonin gida suka ga ana ciniki, a 1972 Ford ta ɗauko motar Mazda ta liƙa mata sunan Courier, Chevrolet kuma ta ɗauko ta Isuzu ta kira ta LUV. Shekara guda bayan haka Larabawa suka hana Amurka mai, layi ya yi tsawo a gidajen mai, kowa ya koma neman motar da ba ta da ci. Daga baya ne kamfanonin gida suka ƙera nasu na kansu: Chevrolet S-10 samfurin 1982, Ford Ranger samfurin 1983. Ranger ta yi zamani sosai. A 1999 an sayar da sama da 340,000 a shekara ɗaya. A 2010 adadin ya dawo wajen 55,000, a Disambar 2011 kuma aka rufe masana'antar da ke haɗa ta a St. Paul ta jihar Minnesota. A shekarar ce Dodge Dakota ita ma ta bi sahu.

In ka tambayi masu bibiyar harkar motoci a can, amsar da za su fara ba ka ita ce "harajin kaza". Labarin ma abin dariya ne. A farkon shekarun 1960 Faransa da Jamus ta Yamma suka ƙara wa naman kajin Amurka kuɗin fito don su kare manomansu. Shugaba Lyndon Johnson ya rama, ya ɗora harajin kashi 25 cikin 100 a kan wasu kayan da ake shigowa da su, ciki har da ƙananan motocin ɗaukar kaya, ya fara aiki a 1964. Motocin Volkswagen aka nufa. Rigimar kaji ta mutu tuntuni, an janye harajin daga sauran kayan, amma na motoci yana nan daram har yau. Kamfanoni sun yi ta dabara. An yi zamanin da ake shigo da kan mota da shasi kawai, a biya kashi 4, sannan a ɗora bodin baya a tashar jiragen ruwa, har gwamnati ta toshe wannan kafa a 1980. Subaru kuwa kujeru biyu ta kafa a bayan motarta mai suna BRAT, don jami'an kwastan su lissafa ta a motar fasinja.

Ni dai ina ganin ana ɗora wa wannan haraji laifin da ya fi ƙarfinsa. Ai yana nan tun 1964, kuma a ƙarƙashinsa ne ƙananan motocin suka yi duk tashen da na ambata. Nissan ma ta zo ta gina masana'anta a Smyrna ta jihar Tennessee, ta fara fitar da a-kori-kura a 1983, ta huta da biya. Abin da harajin ya yi shi ne rufe ƙofa. Da kamfanonin gida suka janye, babu wanda zai iya cike gurbin da mota mai araha daga Thailand ko Japan, domin kafin ta sauka an riga an ƙara mata rubu'in kuɗinta.

Inda gizo ke saƙar shi ne riba. Ƙera ƙaramar a-kori-kura bai fi ƙera babba sauƙi sosai ba. Inji ɗaya ne, giya ɗaya, taya huɗu, ma'aikata kusan adadi ɗaya, gwajin hatsari da na hayaƙi duk sai an yi, kuma kuɗin zana sabon samfuri yana nan. Bambancin ƙarfe da roba ne, kuma su ne masu araha a cikin lissafin. To amma wajen sayarwa, babba tana karɓar ado: kujerun fata, allon kallo, rufin gilashi, sai farashi ya yi ta hawa har ya kamo na motocin alfarma. Ƙarama kuwa mai sayenta talaka ne ko ɗan kwangila mai ƙirga kowane kwabo. Kai ma ɗan kasuwa ne, Alhaji: in shago ɗaya gare ka, ka san kayan da za ka jera a gaba. Shi ya sa Ford ta bar Ranger shekara da shekaru ba wani gyara na a zo a gani, tana ta zuba kuɗi a F-150. Dillalai kuma suna zabga rangwame a kan babbar, har tazarar farashin ta tsuke. Ƙara da bashin mota mai tsawo, na wata 72 ko 84, sai mai saye ya ga abin da zai ƙara a wata ɗan kaɗan ne, ya ce a ba shi babbar.

Mai ma ya taimaka. A ƙarshen shekarun 1990 galan ɗaya na fetur, wato kusan lita huɗu, wajen dala ɗaya ake sayar da shi a Amurka. Wa zai damu da cin mai?

Sai dokar tattalin mai, wadda ita ce ta fi ba ni mamaki. Tun 1975 gwamnatin Amurka take gindaya wa kamfanoni matsakaicin nisan da motocinsu za su yi da galan ɗaya, wanda ya gaza kuma yakan biya tara, har zuwa 2025 da aka soke tarar. Tun farko an sassauta wa motocin ɗaukar kaya, a kan cewa na manoma ne da masu sana'a. Daga samfurin 2011 aka sauya awo: aka koma duba faɗin filin da mota ta mamaye tsakanin tayoyinta huɗu, wato nisan tayar gaba da ta baya a ninka da nisan ta dama da ta hagu. Mota mai babban fili, sharaɗinta da sauƙi. Mai ƙaramin fili, sharaɗinta da tsauri. Manufar ita ce kada kamfanoni su riƙa ƙanƙance motoci har su zama hatsari. Amma duba abin da ya haifar. Ƙaramar a-kori-kura mai shasin ƙarfe tana da nauyi, gabanta a tsaye yake yana karo da iska, ga shi ana neman ta yi tattalin mai kusa da na ƙaramar motar gida. Hanya mafi sauƙi ita ce a ja ta a faɗaɗa ta, sharaɗin ya sauko. An yi doka don a rage shan mai, ta ɓuge da ba manyan motoci lada. Akwai ma wani sassaucin haraji da masu sana'a ke samu in suka sayi motar da nauyinta da lodinta ya haura laba 6,000, kimanin kilo 2,700, wanda tsofaffin ƙananan ba su kai ba.

Kada kuma a wanke masu saye. Aikin motar ne ya sauya a hannunsu. A da a-kori-kura ƙofa biyu ce da benci ɗaya, ta gona da wurin gini. Da aka fito da F-150 mai cikakkun ƙofofi huɗu a samfurin 2001, sai ta zama motar iyali: a kai yara makaranta, ranar hutu a ja jirgin ruwa ko tirelar shaƙatawa. Tsohuwar Ranger mai benci ɗaya tsawonta wajen mita 4.8 ne, bayanta ƙafa 6. F-150 mai ƙofa huɗu ta yau ta kusa mita 6, amma bayan da aka fi saye ƙafa 5 da rabi ne. Motar ta ƙaru da fiye da mita guda, wurin lodi ya ragu. Tsayin hancinta kuma ya zama abin damuwa: wani bincike da cibiyar IIHS ta kamfanonin inshora ta fitar a 2023 ya nuna motocin da bonet ɗinsu ya haura inci 40 sun fi masu gajeren gaba mai gangare yawan kashe mai tafiya a ƙasa in suka buge shi, da kusan kashi 45 cikin 100.

Sunayen dai sun dawo. Chevrolet Colorado ta dawo a samfurin 2015, Ranger a na 2019, Tacoma kuwa, wadda ta gaji Hilux a Amurka tun 1995, ba ta taɓa fita ba. Amma duk sun yi ƙiba, yanzu matsakaita ake ce musu. Wadda ta nuna cewa masu son ƙarama suna nan ita ce Ford Maverick, da aka fito da ita a 2021 a kan dala 19,995 kafin kuɗin jigila. An ɗora ta a kan ginin ƙaramar motar gida, ba ta da shasi daban, injinta na haɗin fetur da batir ne, don haka ta tsallake dokar mai. Ana haɗa ta a Hermosillo ta ƙasar Meziko, inda yarjejeniyar ciniki ta kare ta daga harajin kaza. Oda ta yi yawa har sai da kamfanin ya dakatar da karɓa. Hyundai ma ta fito da Santa Cruz a shekarar.

Yanzu batun simintinka. Maverick ba ta aikinka ba ce. Lodinta wajen kilo 680 ne har da direba, wato buhu 12 ka gama, bayanta ƙafa 4 da rabi, rodi sai dai ya yi ta reto a titi, kuma ba kowane bakanike ne zai taɓa injinta ba. Tsohuwar Tacoma ko Ranger tana da tsada ne saboda masu nema sun fi motocin yawa. In ƙanenka ya ci karo da ɗaya, ya sa a ɗaga ta a duba shasi, musamman in daga jihohin arewa ta fito, inda ake watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara. Toyota da kanta ta taɓa sake sayen Tacoma samfurin 1995 zuwa 2000 daga hannun masu su saboda tsatsar shasi.

Irin motar da kake so, wadda ta gaji aikin da Peugeot 404 da 504 suka yi mana a da, ana ƙera ta har gobe, Amurka ce ba a kai ta. Hilux ko Isuzu D-Max ko Mitsubishi L200 mai ƙofa biyu tana ɗaukar kusan tan guda, buhu 18 zuwa 20, kuma kayan gyaranta suna nan a Ƙofar Ruwa. Ka nemi wadda ta fito daga ƙasashen Larabawa ko Turai, mai sitiyari a hagu, ka bar ƙanenka ya ji da karatunsa.