Wane Manifol Ne Ya Dace Da Camaro Ƙirar 1969?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Houston da ke Amurka, kuma na sayi Chevrolet Camaro ƙirar 1969 mai injin 350 (girman injin a ma'aunin cubic inch). Giyarta otomatik ce, TH350, giyar baya 3.08, kamshaf da kafireta Quadrajet duk na asali ne. Ina son in cire tsohon manifol na baƙin ƙarfe, wato abin da ke kai iska da fetur daga kafireta zuwa silinda, in sa na alminiyom. Wani abokina ya ce in sayi manifol Edelbrock Victor Jr. da kafireta Holley 750. Yawon cikin gari da babbar hanya nake yi da ita, ba tsere ba. Mene ne shawararku?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kayan da abokinka ya ambata masu kyau ne, amma ba na motarka ba ne, kuma idan ka ɗaura su a yadda take yanzu, za ta fi nauyin tashi fiye da da. Ana zaɓen manifol ne bisa yawan juyin da injin yake yi a aikinsa na kullum. Da giyar baya 3.08 da taya irin ta asali, idan kana gudun mil 60 a awa injinka yana juyi kusan 2,400 ne a minti, alhali kamfanin Edelbrock da kansa ya ƙayyade wa Victor Jr. aiki daga juyi 3,500 zuwa 8,000. Ke nan inda motarka take wuni, shi bai ma fara aiki ba.

Dalilin yana cikin ƙirar. Victor Jr. mai ɗaki ɗaya ne: duk silinda takwas suna zuƙar iska da fetur daga fili guda, ta gajerun hanyoyi masu faɗi, abin da ke ba inji numfashi sosai idan juyi ya yi sama. A ƙaramin juyi kuwa iskar tana tafiya a hankali, zuƙar da ke isa ga kafireta ta yi rauni, fetur ya riƙa kwanciya a jikin bango, sai ka taka totur a fitilar hanya motar ta yi jinkiri kafin ta amsa. Manifol mai ɗaki biyu, wanda za ka gani a kasuwa da sunan dual-plane, an raba cikinsa gida biyu, kowane gida yana ciyar da silinda huɗu ta dogayen hanyoyi, kuma an jera su yadda zuƙa za ta riƙa faɗawa ɓangare ɗaya sannan ɗayan, bi da bi. Wannan ne ke kawo ƙarfin ja tun daga silo. Ka lura cewa ko Camaro Z/28 ta wannan shekarar, mai injin 302 da aka ƙera saboda gasar Trans-Am, da manifol na alminiyom mai ɗaki biyu ta fito daga masana'anta.

Saboda haka abin da nake ba ka shawara shi ne Edelbrock Performer mai lamba 2101, wanda aikinsa daga silo ne zuwa juyi 5,500, kuma yana karɓar Quadrajet ɗinka kai tsaye ba tare da an sa faranti a tsakani ba. Performer RPM, mai aiki daga 1,500 zuwa 6,500, sai ranar da ka sauya kamshaf zuwa mai girma, ka buɗe salansa, ka kuma ƙara giyar baya. Ya fi na farkon tsawo, kuma mai lamba 7101 na kafireta mai ramuka huɗu daidai wa daida ne irin Holley. Na Quadrajet lambarsa 7104. Duk wanda ka zaɓa, ka ɗora dunƙulen yumɓu a kan murfin matatar iska, ka rufe bonet a hankali, ka buɗe ka auna tazarar da ta rage.

Game da kafireta, lissafin a fili yake. Ka ninka girman injin, 350, sau juyi 5,500, ka raba da 3,456, za ka sami kusan cfm 557 (cfm shi ne ma'aunin yawan iskar da ke ratsa kafireta a minti), kuma wannan idan silinda na cika fal ne a kowace zuƙa, abin da injin titi ba ya yi. Da kashi 85 cikin 100 adadin ya sauko zuwa kimanin 473. Kafireta mai cfm 600 ta wadatar. Ni dai da so samu ne, ka gyara Quadrajet ɗin ka mayar da ita. Ita ma tana kaiwa wajen cfm 750 kamar Holley ɗin, amma ramukanta biyu na gaba ƙanana ne, na baya kuma ba sa ba da iska sai gwargwadon abin da inji ya nema, don haka tana tattalin fetur a gari kuma tana amsawa idan an taka. Mutane da yawa suna jefar da ita ne kawai saboda ba su sami wanda ya iya saita ta ba.

Kafin ka biya kuɗi, ka tabbatar da irin kan silindar da ke jikin injin, domin motar da ta haura shekara 50 ta ratsa hannaye da dama. Na asali suna ɗaukar noti 12. Waɗanda aka yi daga 1987 zuwa 1995 an sauya karkatar noti huɗu na tsakiya, samfurin da ake kira Vortec kuwa daga 1996 noti 8 ne a miƙe, kuma kowanne da manifol ɗinsa.

Wajen ɗaurawa, distiributa ta cikin manifol take ratsawa daga baya, don haka ka yi wa inda rota ke kallo alama kafin ka zare ta, ka kuma sake saita taimin bayan an gama. Ka ajiye robobin gaba da baya da ke zuwa cikin kwalin gasket, ka ja layin silikon mai kaurin rubu'in inci a madadinsu, domin su ne suka fi yawan zamewa su jawo yoyon baƙin mai. Ka ɗaure notin daga tsakiya zuwa gefe, kaɗan-kaɗan, har ƙarfin ɗauri ya kai 25 a ma'aunin ft-lb. Sannan ka duba cok, da tiyon zuƙa da ke zuwa giyar TH350, da wayar da ke saukar da giya idan an taka totur, domin idan ɗaya ya kauce, giya za ta riƙa shiga ba a kan lokaci ba. Tsohon manifol ɗin kuma ka wanke shi ka adana, saboda lambar da aka zuba a jikinsa tana cikin abin da masu sayen irin waɗannan motoci suke dubawa kafin su yi tayi.