Wane agogo zan fara saya idan ina so in tara agogunan alfarma?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Kano, kuma tun ina yaro nake sha'awar agogo, domin mahaifina yana da wani Rado da ya zo da shi daga aikin Hajji. Yanzu Allah ya hore, na ware kimanin dala 7,000 don in sayi agogon kirki na farko, da niyyar in riƙa ƙarawa sannu a hankali. Abokaina sun ce kada ma in kalli komai sai Rolex, wai shi ne kuɗinsa ba ya faɗuwa. Wani kuma ya ce zai kawo mini daga Dubai a kan rabin kuɗin kanti. Me kuke ba ni shawara?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ƙara buɗi, ya sa albarka a nema. Shawarata ita ce ka sayi agogon da za ka riƙa ɗaurawa kullum: na ƙarfen da ba ya tsatsa, mai sarƙa, mai hannuwa uku kawai, wanda ba ya tsoron ruwa, kuma daga hannun wanda za ka iya komawa wurinsa gobe idan wani abu ya taso. Agogon farko shi ne zai nuna maka irin abin da kake so. Wanda aka kulle a akwati ana jiran ya yi tsada ba zai koya maka komai ba.

Kafin mu je ga sunayen kamfanoni, ya kamata ka san abin da kuɗinka yake saya. Ba daidaiton lokaci ba ne. Tun ranar 25 ga Disamba 1969, da kamfanin Seiko na Jafan ya fito da Astron, agogon hannu na batir na farko da aka sa a kasuwa mai aiki da ƙwayar kwaz (wani dutse mai kama da gilashi), wannan gasa ta ƙare. Ƙwayar da ke cikin agogon batir tana kaɗawa sau 32,768 a daƙiƙa ɗaya, agogon inji kuwa yawanci bugu takwas yake yi a daƙiƙa. Casio na batir mai araha zai fi Patek Philippe na inji mai tsadar gaske riƙe lokaci. Hukumar COSC ta Suwizalan, wadda ke gwada injin agogo tsawon kwana 15 kafin ta ba shi shaida, ta yarda ya yi latti da daƙiƙa 4 ko ya yi gaggawa da daƙiƙa 6 a rana. Rolex sun ƙara matse nasu zuwa daƙiƙa 2 ta kowane ɓangare. Abin da kake biya shi ne aikin hannu da na ƙira: inji mai ƙananan sassa sama da ɗari da ke tafiya da ƙarfin sifirin kawai, wato naɗaɗɗen ƙarfe, wanda motsin hannunka ke yi masa wani, kuma wanda za a iya kwancewa a gyara bayan shekara hamsin jikanka ya ɗaura. Idan wannan bai burge ka ba, to ka ajiye kuɗinka. Amma yadda ka ambaci Radon mahaifinka, na san ya burge ka. Wannan agogo ma ka riƙe shi da kyau, ka kai a duba shi, domin shi ne ainihin farkon tarin naka. Rado sun yi suna ne da DiaStar na 1962, mai jikin da ba ya ƙarzuwa da sauƙi, shi ya sa har yau za ka ga na dattawa yana sheƙi.

Akwai abubuwa biyu da suka shafe mu, waɗanda mai sayarwa a Jeneba ba zai tuna ya gaya maka ba.

Na farko alwala. Sau biyar a rana hannunka yana shiga ruwa har gwiwar hannu, ga gumi a lokacin bazara, ga ƙurar hunturu. Maɗaurin fata ba ya jure wannan. Cikin 'yan watanni zai yi baƙi ta ciki, ya soma wari, ya tsage daidai ramin da kake maƙalawa. Shi ya sa na ce sarƙa. Sannan ka duba abin da aka rubuta game da ruwa. Idan ka ga mita 30, ma'anarsa yayyafi da fantsalar ruwa kawai, kada lambar ta ruɗe ka. Ka nemi mita 100 zuwa sama, wanda kan da ake gyara lokaci da shi ake murza shi ya kulle kamar noti. Ka mayar da shi ɗabi'a, duk lokacin da ka gyara lokaci ka murza kan ya koma ya zauna daram, domin yawancin agogunan da ruwa ya shiga ta nan ya bi. Idan wata rana ka ga hazo ya kwanta a cikin gilashi, kada ka shanya shi a rana ka ce zai bushe. Tsatsa ta riga ta kama hanya, sai a buɗe shi a ranar ko washegari.

Na biyu zinare. Sanannen abu ne cewa an hana maza Musulmi ado da zinare, kuma kowa yana gane agogo mai ruwan ɗorawa. Inda mutane ke shiga ba su sani ba shi ne farin zinare, wanda a ido ba ka bambanta shi da ƙarfe. Ɗauki Rolex Datejust, wanda ya fito tun 1945 kuma shi ne mutanenmu suka fi so. Wannan zoben mai tsaga-tsaga da ya kewaye gilashi, wanda ke walƙiya idan haske ya taɓa shi, farin zinare ne ko da jikin agogon da sarƙarsa ƙarfe ne. Mai zobe sumul shi ne na ƙarfe. Har 'yan ƙananan alamomin awa da ke kan fuskar Rolex da zinare ake yin su don kada su dushe. Hukuncin wannan ɗan kaɗan da ke ƙarƙashin gilashi na malamai ne, sai ka tambayi malaminka, amma ka tambaye shi kafin ka biya kuɗi. Kowane agogo yana da lambar samfuri, kuma idan ka sa ta a shafin kamfanin za ka ga abin da aka yi kowane sashe da shi.

To, da dala 7,000 wanne za a ɗauka? Guda uku nake sa wa mai irin buƙatarka a gaba.

Rolex Oyster Perpetual mai faɗin milimita 36. Ba kwanan wata, ba wani ƙyale-ƙyale, yana jure ruwa har mita 100, kuma idan ka ajiye shi zai yi kusan awa 70 yana tafiya. Shi ne jikan akwatin Oyster da Hans Wilsdorf, wanda ya kafa Rolex, ya fito da shi a 1926, da injin mai yi wa kansa wani na 1931. Farashinsa a kanti yana cikin abin da ka ware. Matsalar ita ce samunsa, domin dillalan Rolex sukan rubuta sunanka su ce ka jira, a waje kuma za a ɗora maka ƙari. Idan ka samu a kuɗin kanti, ɗauka. Idan sai da ƙari mai yawa, ban ga dalili ba.

Tudor Black Bay Fifty-Eight, wanda ya fito a 2018. Tudor ƙanin Rolex ne, Wilsdorf ɗin ne ya kafa shi don a samu inganci iri ɗaya a farashi mai sauƙi. Faɗinsa milimita 39, kaurinsa bai kai 12 ba, yana jure ruwa har mita 200, injinsa na da shaidar COSC. Zai bar maka canji mai kauri a aljihu. Sai dai ƙirar masu ninƙaya ce, ta fi dacewa da ƙananan kaya fiye da babbar riga.

Na uku, kuma shi ne zaɓina a gare ka, Omega Seamaster Aqua Terra mai milimita 38. Yana da kwanan wata a daidai ƙarfe shida, yana jure ruwa har mita 150, bayansa gilashi ne kana kallon injin yana aiki, kuma yana shiga da shadda kamar yadda yake shiga da kwat. Dalilina mafi ƙarfi shi ne maganaɗisu. A cikin kowane agogon inji akwai wani siririn sifirin, bai fi kaurin gashi ba, wanda shi ke auna lokaci. Idan ka ajiye agogo kan lasifika, ko kusa da murfin waya mai maganaɗisu, zagayen sifirin sai su manne da juna, ka wayi gari agogo yana gudu da mintoci. Omega sun yi wannan sifirin da silikon, kuma hukumar awo ta Suwizalan, METAS, tana gwada agogon a ƙarƙashin maganaɗisu mai ƙarfin gaus 15,000. Ga ɗan kasuwar da ke yini tsakanin wayoyi biyu da kwamfuta, wannan amfani ne na zahiri. Kuma yawanci za ka shiga kanti ka fito da shi a ranar, da garantin shekara biyar.

Za ka ji ana yabon Omega Speedmaster, wanda Buzz Aldrin ya taka duniyar wata da shi a 1969. Agogo ne mai tarihi, amma kullum sai ka yi masa wani da hannu, kuma juriyarsa ga ruwa mita 50 ce. Ka bar shi ya zama na biyu ko na uku. Haka Cartier Tank da Reverso na Jaeger-LeCoultre, agogunan ɗaurin aure ne da zaman taro, lokacinsu zai zo. Grand Seiko kuwa, wajen gogewar ƙarfe da kyan fuska ba na jin akwai wanda ya fi su a wannan farashi, sai dai masu gyara shi sun yi mana nisa.

Kowanne ka zaɓa, kada ka saya daga hoto. Ka je da irin rigar da ka fi sawa. Ka ɗaura, ka duba kunnuwan agogon, wato inda sarƙa ta kama, kada su zarce faɗin tsintsiyar hannunka. Ka maƙala hannun kaftaninka ka miƙe hannu ka lanƙwasa, ka ga ko agogon yana shigewa ƙarƙashi ko yana tokarewa. A sa sarƙa yadda ƙaramin yatsanka zai ɗan shiga, domin hannu yana kumbura da zafi.

Maganar abokanka cewa Rolex ba ya faɗuwa, rabinta gaskiya ce. Wasu samfuran ƙarfe irin su Submariner da Daytona suna riƙe daraja sosai. Amma wannan magana ta yi ƙarfi ne tsakanin 2020 da farkon 2022, lokacin da farashin gwanjo ya haukace, har Patek Philippe Nautilus na ƙarfe da ake sayarwa kimanin dala 35,000 a kanti ya haura dala 100,000 a waje. Daga wajen watan Maris na 2022 kasuwar ta juyo ƙasa, waɗanda suka saya a ƙololuwa don riba suka tafka asara. Yawancin agoguna, har da Omega da Tudor da nake yaba maka, kuɗinsu yana raguwa da zarar ka fita da su daga kanti. Ka ɗauki wannan a matsayin kuɗin jin daɗi. Kai ɗan kasuwa ne, ka fi ni sanin inda dala 7,000 za ta haihu, kuma ba a tsintsiyar hannu ba ne. Abin da kawai zan yarda da shi shi ne agogon kirki da dala ake yi masa kuɗi a ko'ina, don haka faɗuwar naira ba ta cinye shi.

Shi kuwa mai kawo maka daga Dubai a rabin kuɗi, ka yi masa godiya ka wuce. Araha ba ta ado. Ba wanda zai sayar da sabon Rolex na gaske a rabin kuɗi alhali mutane na layi a kansa. Jabun yanzu ya wuce inda kake zato. Da can ana cewa ka kalli hannun daƙiƙa, idan yana tsalle jabu ne, idan yana sulalawa na gaske ne. Wannan gwaji ya mutu, domin masu jabu suna kwaikwayon har injin, nauyi ya zo ɗaya, kwali da katin garanti ma suna bugawa. Akwai kuma na haɗe-haɗe, jiki na gaske amma fuska ko sarƙa ba tasa ba, akwai na sata. Idan Dubai za ka saya, ka je da ƙafarka wurin dillalin da kamfani ya amince da shi, kamar Ahmed Seddiqi. A gida akwai Polo Luxury a Legas. Kowane kamfani yana jera dillalansa a shafinsa na intanet, ka duba kafin ka tashi.

Wanda aka taɓa ɗaurawa ba laifi ba ne, hasali ma nan ne Aqua Terra da Black Bay suke yin sauƙi ƙwarai. Amma sai da sharaɗi: lambar da ke jikin agogo ta yi daidai da ta kati, a ba ka rasit da sunan kanti, a yarda ka kai wa mai gyara da ka zaɓa ya buɗe ya ɗora shi a na'urar auna bugu, kuma a rubuta cewa za a mayar maka da kuɗinka idan ya fito da aibi. Ana iya bincika lambar a rumbun The Watch Register da ke Landan don a ga ko an kai rahoton satarsa. Ka shafa gefen kunnuwan da yatsa. Idan sun yi laushi sun zagaye maimakon su yi kaifi, an goge shi da inji fiye da kima don a ɓoye ƙarzuwa, kuma ƙarfen da aka cinye ba ya dawowa. Rolex da kansu sun fara ba da shaida ga agogunansu na gwanjo tun ƙarshen 2022 ta hannun dillalansu, ya fi tsada amma hankalinka kwance.

Ka kuma ware wani abu don sabis. Injin agogo kamar na mota yake, yana da mai, kuma man yana bushewa. Rolex suna cewa kimanin kowace shekara goma, Omega suna cewa tsakanin biyar zuwa takwas, kuma kowane zuwa zai ci ɗaruruwan daloli. Masu gyaran agogo na kasuwanninmu akwai gwanaye a cikinsu, amma kada ka bari a buɗe maka wannan a kan tebur a bakin titi, ƙura na tashi, ba sabuwar robar toshe ruwa, ba na'urar gwada matsi. Buɗewa a wajen cibiyar da kamfani ya amince da ita tana iya kashe maka garanti. Kwali da kati da rasit da guntayen sarƙar da aka cire, duk ka haɗa su wuri ɗaya ka adana, ka ɗauki hoton lambar agogon ka ajiye a wani wuri daban. Ka ɗaura shi shekara guda cur kafin ka sayi na biyu.