Tururuwata sun kai bakwai, in mayar da su babban gida?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Wata biyu da suka wuce, bayan an ɗauke ruwan sama, na tsinci sarauniyar tururuwa ta zubar da fukafukanta tana yawo a ƙasa. Na sa ta a bututun gwaji da ruwa da auduga. Ta yi ƙwai, har ma'aikata bakwai suka fito. Da na ɗiga musu zuma sai biyu suka maƙale a ciki suka mutu. Na riga na sayi gida mai ɗakuna da yawa, ina ɗokin juye su ciki. Me zan riƙa ba su, kuma yaushe ya kamata su tare?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah Ya ba ka haƙurin biyun da ka rasa. Ga mai ma'aikata bakwai, biyu ba ƙaramin rashi ba ne, amma muddin sarauniya na raye tana ƙwai, gidan na nan.

Wannan gida da ka saya, ka ɗaga shi ka ajiye tukuna. Sarauniyar da ta sauko daga tashin aure, wato tashin da take yi da fukafukanta don haɗuwa da namiji, abin da take nema shi ne ɗan rami matsattse mai duhu da danshi, ta toshe ƙofa ta zauna. A yawancin jinsuna ko abinci ba ta fita nema. Tsokar da ta yi tashi da ita ce ke narkewa a jikinta, da ita da kitsen da ta tara take ciyar da tsutsotsin farko. Shi ya sa ma'aikatanka suka fito ƙanana, kamar ba ita ta haife su ba: da ɗan guzurin jikinta aka raine su. Irin waɗannan matsorata ne, kuma aikin da ke gabansu ya fi ƙarfinsu. In ka zuba su a gida mai ɗakuna goma, za su takure a lungu guda, sauran ɗakunan su zama juji. Ni kaina na yi wannan kuskure a farkon kiwona. Na wayi gari na ga sun tara ƙafafun ƙwari da ɓawon 'ya'yansu a ɗakin da ke kusa da su, kafin mako biyu fumfuna ta yi fari fat a wurin, ba kuma yadda zan sa hannu in share. Har yau ina jin zafin asarar sarauniyar nan.

Bututun da suke ciki ya ishe su har su kai ashirin zuwa talatin, ko ka ga sun cika shi sun rasa inda za su jera ƙwai. Ka naɗe shi da takarda mai kauri don duhu, ka kwantar da shi inda ba jijjiga, ba hasken rana kai tsaye, domin gilashi na iya dafa su cikin 'yan mintuna. Ɗumi na digiri 24 zuwa 27 ya dace da yawancinsu. Leƙe kuma sau ɗaya ko biyu a mako ya wadatar. Sarauniyar da ake yawan firgitawa takan cinye ƙwanta.

Abin da nake so ka yi yanzu shi ne ka samo ƙaramin akwatin roba mai murfi, ka huda masa 'yan ƙofofin iska ka rufe su da raga mai laushi, ka kwantar da bututun a ciki, sannan ka rage audugar bakinsa ka bar musu 'yar kafa. Akwatin ya zama filin kiwonsu: nan za su ci, nan za su zubar da shara, kai kuma ka kwashe ba tare da ka taɓa ɗakin sarauniya ba. Gefen akwatin daga sama ka shafa masa Fluon, wani ruwa da ke sa wuri santsi in ya bushe, ko hodar jarirai da aka dama da sifirit, in ta bushe santsi ba zai bar su su haura ba.

Batun abinci kuwa, baki biyu kake ciyarwa, kowanne da nasa. Manya zaƙi suke buƙata don ƙarfin aiki. Dubi ƙugun tururuwa yadda ya tsuke kamar zare. Abu mai tauri ba ya wucewa ta nan, ruwa-ruwa kawai take haɗiya. Tsutsotsi kuma, da sarauniya mai ƙwai, furotin suke so, wato naman ƙwari. Gidan da ake ba zaƙi kaɗai zai rayu, amma ba zai ƙaru ba.

Zumar da ta kashe maka biyu, kaurinta da yawanta ne suka jawo. Ga tururuwa ƙarama, ɗigon zuma tafki ne mai danƙo. Ka sirka ta da ruwa, ko ka dama sikari kashi ɗaya a ruwa kashi uku, ka jiƙa 'yar auduga da shi, ka ɗora a kan guntun leda. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima: ɗigo kamar kan allura ya ishi biyar. Ranar da ka ba su, ka tsaya ka kalla. Za ka ga guda ta kafa baki tana sha har cikinta ya kumbura ya yi sheƙi, sannan ta koma bututu ta haɗa baki da 'yar'uwarta, gashin kansu na taɓa juna, tana juye mata. Wata jaka ce a cikinta da take ɗauko wa jama'a abinci, ta nan sarauniya ke samun rabonta ba tare da ta fito ba. Saboda haka in ka ga guda ɗaya ce kawai ke zuwa sha, kada hankalinka ya tashi.

Nama kuma sau biyu a mako: ƙaramin ƙuda irin mai bin 'ya'yan itace, ko ƙafar gyare, ko guntun tsutsa da ka yanka don su samu ruwan cikinta. Kada ka ba su mai rai, zai iya ji musu. Ka sa shi a firiza ya kwana biyu, ko ka tsoma a tafasasshen ruwa na 'yan daƙiƙu, don kashe ƙananan ƙwarin da ke maƙale masa. Ƙwaron da ka tsinta a mace, ko daga inda aka fesa magani, ka nisanta shi da su, domin guda ɗaya na iya shafe gidan gaba ɗaya. Abin da suka rage ka ɗauke washegari.

Ka yi ƙoƙari ka gano jinsin da ke hannunka, don akwai bambanci. Messor masu tara iri ne, sai ka haɗa musu da ƙananan tsaba. Camponotus suna da nawa wajen ƙaruwa, sai haƙuri. Jinsunan ƙasashe masu sanyi, irin Lasius niger na Turai, suna buƙatar hutun hunturu na 'yan watanni a digiri 5 zuwa 10, na wurare masu zafi kuwa ba ruwansu da wannan. An taɓa samun sarauniyar Lasius niger da ta yi kusan shekara 29 a hannun mai kiwo, ka ga gidan da ka saya ba zai rasa ranarsa ba.

In ruwan bututun ya ƙare, ko audugar ta yi baƙi sosai, ka haɗa sabo ka ajiye shi kusa da tsohon a cikin akwatin. Ka lulluɓe sabon, ka buɗe tsohon ga haske, ka bar su. Wani lokaci dare ɗaya, wani lokaci mako biyu, za ka tarar sun kwashe ƙwai da tsutsotsi ɗaya bayan ɗaya, sun ja sarauniya sun koma. Kada ka girgiza su don su fita. Haka za ka yi ranar tarewa a babban gida, sai dai ka toshe yawancin ɗakunan da auduga, ka bar musu ɗaya ko biyu, ka riƙa buɗe sauran gwargwadon yadda suke ƙaruwa.