Bashin Dubai zai iya tare ni a filin jirgi?

Tambaya: Ina saro kaya a Dubai. Wani dila yana bi na ragowar kuɗi, cek ɗin da na ba shi kuma banki ya dawo da shi. Yanzu zan tafi Sin, jirgin zai yada zango a Dubai. Akwai matsala?

Amsa: Alhaji, dakata da sayen tikitin nan tukuna. Jami'in shige da fice ba ruwansa da bashinka, abin da yake gani a kwamfutarsa umarnin kotu ne. Sai mu fara sanin ko dilan ya kai ƙara.

A Daular Larabawa, inda Dubai take, wanda yake bin ka dirhami 10,000 ko fiye zai iya neman kotu ta hana ka fita. Tun Janairun 2022 an cire yawancin cek ɗin da ya dawo saboda ƙarancin kuɗi daga manyan laifuka, amma kada wannan ya ruɗe ka. Yanzu mai cek ɗin yana wucewa kai tsaye wurin alƙalin zartar da hukunci, ba sai an yi doguwar shari'a ba. Idan kuwa da gangan ka rufe asusun, laifi ne har gobe. In an riga an fitar da takardar kame, ana iya tsare mutum ko da wucewa kawai zai yi.

Ka ba lauya a can takardar wakilci da kwafin fasfonka, ya duba maka wurin 'yan sanda da kotu. Idan akwai ƙara, ku daidaita da dilan a rubuce, a biya, ka karɓi asalin cek ɗin da takardar shaidar ba ya bin ka komai. A nan mutane da yawa suke tuntuɓe: biya kaɗai ba ya ɗage takunkumi. Sai an kai takardar kotu, alƙali ya soke umarnin, lauya ya tabbatar an cire sunanka.

Sauya hanya ba ya kashe maganar. Idan ta kai ga jar sanarwar neman kame ta Interpol, wato hukumar 'yan sandan ƙasa da ƙasa, wata ƙasar ma tana iya tsare ka, kuma yawancin sanarwar ba a saka su a shafinsu na intanet. Don sanin ko sunanka yana ciki, hukumarsu mai duba fayiloli a birnin Lyon na Faransa ake rubuta wa.

Sin ɗin ma ka duba littafinka: dokarsu da ta fara aiki a 2013 ta ba kotu damar hana baƙo fita muddin yana da ƙarar kuɗi da ba a kammala ba.